Ranar da na biya kuɗi don in shiga daji a Legas

Shekarata goma sha ɗaya a Legas amma in za a faɗi gaskiya ban san garin ba. Albasa nake saukewa a Mile 12, daga rumfa sai masallaci sai ɗaki, in an yi ɗaurin aure ko suna a Agege ko Idi-Araba muje muci shinkafa mu dawo, shikenan Legas ɗina. Can ƙetaren ruwa kuwa, su Ikoyi da Lekki da Ajah, sai dai inji labari a bakin matan da ke zuwa sarin buhu suna cewa albasarmu a manyan otal ɗin can take ƙarewa.

Ƙanina ne ya ja min. Ya gama karatu yazo min hutu daga gida, kwana uku kacal ya ishe ni da wani bidiyo a TikTok, wata doguwar gada ce rataye a saman bishiyoyi mutane na tafiya a kai tana lilo suna ihu, wai a Legas take. Nace ƙarya kake wannan ƙasar waje ce, a Legas wa zai bar wa bishiya fili, garin da ko wajen shanya wando sai kayi faɗa da maƙwabci? Yace Yaya wallahi nan ne, sunan wajen Lekki Conservation Centre, kusa da Chevron. Da naji Chevron sai na tuna Kawu, ƙanin mahaifiyarmu, da yake gadi a wani estet a bayan wajen shekara da shekaru. Na buga masa waya nace Kawu wai da gaske akwai daji kusa da ku? Yace akwai mana, ai birai har ɗiro mana katanga suke. Nace ka taɓa shiga? Shiru yayi tukunna sannan yace, kai ɗan nan lafiyarka ƙalau kuwa, ni in ciro kuɗina in biya don inga biri?

To dai nace ni zan biya. Da ƙyar ya yarda, shima don ranar hutunsa ce kuma yana son ganin ƙanin nawa da rabonsa da shi tun yana goye.

Ranar Talata muka zaɓa saboda ance Asabar da Lahadi wajen cika yake, ƙarshen damina ne kuma munyi sa'a gari ya washe. Bayan asuba muka shiga danfo daga Ketu zuwa Obalende. A kan Third Mainland ƙanina ya manna fuska jikin taga kamar ƙaramin yaro, gada ce ta kusan kilomita 12 kan ruwa tun 1990 aka buɗe ta, yana ta nuna min gidajen Makoko da aka kafa kan sanduna a tsakiyar ruwa hayaƙi na tashi, ni kuma hannuna na kan aljihu don an taɓa yi min a danfo. Daga Obalende muka kama motar Ajah, Falomo, tolget, Ikate, Jakande, go-slo dai irin na kullum ba sai na ɓata muku lokaci ba. Ko acaɓa babu da za ka ce ka hau ka kurɗa, tun 2022 aka hana su a wannan yankin, yaranmu da yawa da sana'ar tasu kenan suka watse. Mun sauka wajen goma saura, Kawu na tsaye bakin titi da hularsa zanna bukar da ta sha wanki da carbinsa da wata leda baƙa a hannu. Ku riƙe maganar ledar nan.

Kuɗin shiga daban, kuɗin hawa gadar daban. Da na zaro ATM na miƙa aka zara sai Kawu ya leƙa yaga abin da POS ɗin ya rubuta, ya kama baki yace innalillahi, wannan ai kuɗin kwandon albasa ne ka zubar. Nace Kawu ba komai. Amma fa a raina nima na lissafa.

Tun a harabar farko abin kallo ya fara. Dawisu na yawo a sake kamar kajin gida, ga wani kunkuru ƙato wanda in ya kwanta sai ka rantse turmi aka kifa, masu wajen suka ce ya tasamma shekara ɗari. Kawu ya durƙusa ya daɗe yana kallonsa sannan yace masa sannu Baba, mu biyu ne tsofaffi a nan. Wani matashi Bayerabe aka haɗa mu da shi mai yi wa mutane jagora, yaro mai ladabi, da ya ga furfurar Kawu bai ce masa aboki ba kamar yadda aka saba kiranmu a titi, Baba ya dinga ce masa, kuma wannan kaɗai ya sa Kawu ya sake. Shi yayi mana bayani cewa ƙungiyar kare muhalli ta ƙasa, NCF, ita ke da wajen, wadda marigayi Cif S. L. Edu ya assasa, an kafa cibiyar a 1990 da tallafin kamfanin mai na Chevron, faɗinta hekta 78. Na tambayi ƙanina hekta 78 nawa kenan a ido, ya danna waya yace ya fi filin ƙwallo ɗari. A Lekki fa. Inda fuloti ɗaya kuɗinsa zai sayi layinmu gaba ɗaya a ƙauye har da rijiyar.

Daga nan aka shiga. Ba ƙasa ake takawa ba, hanya ce ta katako aka shimfiɗa kan ƙafafu ta ratsa cikin fadama, faɗinta daidai mutum biyu su gifta juna, hagu da dama da maƙari. Ƙasanta ruwa ne baƙi wuluk kamar shayin da aka manta a buta, ba datti bane irin na kwatar Mile 12, ganye ne ke zuba yana ruɓewa a ciki shekara da shekaru shi ya rina shi, kuma baya wari, wani ƙamshin danshi yake kamar na sabuwar randa. Bamu yi taku ɗari biyu ba naji wani abu ya canza na rasa menene. Na tsaya. Ashe kunnena ne. Babu hon, babu janareto, babu kwandasta na kiran Oshodi, babu lasifikar coci babu ta mai tallan maganin basir. Shekara goma sha ɗaya ban ji shiru ba, ko tsakar dare a Ketu akwai janareton wani yana gurnani, har na ɗauka haka kaina yake ƙara da kansa. Sai ƙarar takunmu kan katako, sai wani tsuntsu can ciki da ke yin wani kuka sau uku ya huta, sai ɗigon ruwa daga ganye. Wallahi sai da naji tsoro-tsoro.

Dajin ba irin namu bane. Mu mun saba da daji da zaka hango mutum daga nesa tsakanin kaɗanya da marke, wannan kuwa a cushe yake, igiyoyi sun nannaɗe bishiyu, rana bata sauka ƙasa sai ɗigo-ɗigo. Bishiyar da ta fi yawa a wajen ruwan tukurwa ce, ganyenta dogaye sun rankwafo kan hanya wani ya fi tsawon danfo biyu. Kawu ya shafa gorar ɗaya yace da irin wannan kakanku yake gadon kara da tsani. Gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin maƙari da reshe, babba kamar faifai. Jagoran yace akwai kada da guza da macizai, akwai gada da mazo ma amma su sai da sassafe ko in wajen ba mutane. Mu dai guza muka gani ɗaya, yana kwance kan wani ruɓaɓɓen gungume yana fito da harshe, da ƙanina ya ɗaga waya sai ya sulale ruwa ko fantsama babu. Kada kuwa mun leƙa mun leƙa, kowane icce sai ƙanina yace gashi can, ba shi bane.

Birai kam ba sai ka nema ba, su zasu neme ka.

Mona ake ce wa irinsu, kuma ba jan birin nan bane dogo da ke mana ɓarna a gonar gyaɗa. Ƙanana ne, bayansu ja-ja mai duhu, ƙirji da ciki fari tas kamar sun sa singileti, fuskar shuɗi-shuɗi, sannan ga tabo fari guda biyu a gindin wutsiya hagu da dama kamar an ɗiga musu alli. Ɗaya ya sauko ya zauna kan maƙari dab da ni, tazarar hannu, ya zuba min ido. Na kalli yatsunsa, da farce da layin tafin hannu komai, ya sosa kunne kamar wani dillali yana jiran ka faɗi farashi. Tun a geti an gargaɗe mu kar a ba su abinci kuma kar a riƙe leda a fili. Kawu yaji, amma a ganinsa shi da ya yi gadin gona tun yana ɗan shekara bakwai ba birin Legas ne zai koya masa ba. A ledar nan ayaba ce da ƙuli-ƙuli da wani ɗan ƙunshin kilishi da ya ɓoye tun da wani ya kawo masa tsaraba, ya ajiye don ƙanina. Wanda ke gabanmu ashe ɗan jan hankali ne. Muna kallonsa wani ya biyo ta baya ta saman reshe, fizga ɗaya, sai ganin leda muka yi tana hawa bishiya. Kawu ya ɗaga carbi yana kai, kai, ɗan banza, Allah ya isa. Ɓarawon ya zauna can sama ya yage ledar a nutse, ya ɓare ayaba ya wurgo mana ɓawon, ƙuli-ƙulin kuma ya dinga cusawa a kumatu har suka kumbura, don suna da wata jaka a cikin kunci da suke tara abinci. Kilishin ya shinshina, ya ɗan lasa, yajin ya kama shi ya girgiza kai ya sake shi cikin ruwa. Wannan ne ya fi yi wa Kawu ciwo. Yace da ci yayi da na yafe.

Ni da ƙanina dariya har da riƙe maƙari. Jagoran ma ya juya baya kafaɗarsa na rawa.

Can gaba akwai benci a wata 'yar rumfa muka zauna Kawu ya huce. Yana ta kallon ruwan nan da tukurwar, sai kawai yace, haka fa duk wajen nan yake da. Nace ina? Yace duk inda kuka biyo yau, daga tolget har Ajah. Ashe a 1988 ya zo Legas, ban taɓa tambayarsa ba, ga-ruwa ya fara yi a Maroko, unguwar talakawa ce a bakin ruwa tsakanin Victoria Island da nan. Yace in ka wuce Maroko ba komai sai fadama da kwakwa da ƙauyukan masunta, kaguwa na tsallaka titi, sauro kamar ya ɗauke ka. A watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta lokacin ta turo katafila aka rushe Maroko kaf, mutane dubbai suka kwana a titi cikin ruwan sama, shi da kurarsa da jarkoki goma ya tsira. Yanzu wajen manyan benaye ne. Daga nan aka dinga zuƙo yashi daga ruwa ana cike fadama ana gini, shi da kansa yayi leburanci a wasu, daga baya ya zama mai gadin gidajen da aka gina kan inda yake kamun kaguwa. Nace Kawu ai jagoran nan yace shima dajin a 1990 aka kafa shi. Ya ɗan yi lissafi da yatsu. Yace to, shekarar da aka kore mu aka yi wa biri katanga kenan. Ba da ɗaci ya faɗa ba, har da murmushi, sannan ya ƙara da cewa gara da aka yi, da yanzu nan ma tayil ne da janareto, kuma da ba wanda zai yarda da ni in nace haka Lekki take.

Sai gada.

Tsawonta mita 401, a 2015 aka buɗe ta, kuma ita ake kira mafi tsawo irinta a Afirka. Ba a miƙe take ba gaba ɗaya, gaɓa-gaɓa ce, daga wannan hasumiyar ƙarfe zuwa waccan, kowace ta fi ta baya tsawo har ka kai ƙololuwa mita 22 da rabi, kamar bene hawa bakwai kenan, sannan ka fara gangara. Inda kake takawa ƙarfe ne siriri faɗinsa bai wuce ƙafa biyu a haɗe ba, hagu da dama raga ce har kafaɗa, sai igiyoyin ƙarfe masu kauri da suka riƙe komai. Kuma in ka shiga ba juyawa, don akwai mutane a bayanka. Kawu ya ɗaga kai ya kalle ta yace shi siraɗi ɗaya yake jira kuma ba yau bane, zai bi ta ƙasa mu haɗu a gaba. Nace Kawu na riga na biya. Jin kuɗi zai tafi a banza ya sa ya cusa hula a aljihu, ya naɗe ƙafar wando, yayi bisimilla ya shige gabana.

Ni da nake hawa saman tirela cike da buhu ina tsalle daga wannan zuwa wancan, na ɗauka wasa ne. Gaɓar farko lafiya. Ta biyu na fara jin abin na motsi. A ta uku wata mata mai jiki a bayana ta taka da ƙarfi sai gadar ta yi ƙasa ta dawo sama ta karkata, gwiwoyina suka ce basu san zance ba. Tirela in ka taka ta tsaye take, wannan kuwa duk takun da wani yayi sai ya zo maka a tafin ƙafa. Na kuskura na kalli ƙasa ta cikin raga, na hango kan tukurwar da ɗazu muke ɗaga kai muna kallo yanzu tana ƙarƙashina kamar shukar albasa. Na damƙe igiya hannu biyu, duk addu'ar da na sani na karanto har da ta shiga kasuwa. Matar nan tana kiran Jesu ni ina hasbunallahu, muka zama 'yan uwa a take, tana ce min malam je ka a hankali ina ce mata madam daina girgiza. Ƙanina kuma ɗan rainin hankali yana gaba yana tafiya da baya yana ɗaukata bidiyo, Yaya ɗago kai, Yaya yi murmushi. Na rantse masa in ya sa a TikTok a ƙafa zai koma gida.

Kawu fa? Tafiyarsa yake hannu ɗaya a baya kamar mai zuwa masallaci.

A hasumiya mafi tsawo akwai dandamali da zaka tsaya ka maida numfashi, kuma nan ne na yafe kuɗin tikiti. Iska mai sanyi na kaɗawa. Ƙasanka kore ne shar a dunƙule kamar an shimfiɗa bargo, tsuntsaye na shawagi a ƙasa da kai, ba sama ba. Amma kana ɗaga ido kaɗan sai kaga inda bargon ya ƙare cak kamar an yanka da wuƙa, daga nan rufin gidaje ne ja da baƙi da tankunan ruwa da ƙarafunan sabis da benayen da ba a gama ba, ta kowace kusurwa, har inda ido ya tsaya. Daga nan sama ma ƙarar titi ta dawo, can ƙasa-ƙasa kamar ƙudan zuma. Ashe dajin da na ji kamar ba shi da iyaka ɗan tsibiri ne. Kawu ya kare ido da hannu ya daɗe yana dubawa, sai ya nuna wani rufi yace ga estet ɗinmu can, ga ma tankin gidan oga. Shekara goma sha tara yana zaune a bakin getin can yana kallon saman bishiyun nan, yau ya kalli getin daga samansu. Yace ashe ƙaramin waje ne.

Gangarowa ta fi sauƙi duk da ƙafata bata daina rawa ba sai da na taka ƙasa. Kana fitowa sai ka faɗa wani fili mai ciyawa a buɗe, rana ƙwal, da bukkoki na hutawa da tafkin kifi da wasanni da aka zana a ƙasa manya-manya, ludo da dara irin ta Turawa da 'ya'yanta sun kai gwiwa. Wannan ɓangaren bai dame ni ba, na masu zuwa fikinik ne da masu ɗaukar hoton kafin biki. Abin da ya kama ni ciyawar ce da sararin, sak bayan garinmu da kaka. Muka sayi ruwa muka yi alwala, Kawu ya duba rana ya tsaida alƙibla, muka yi azahar a inuwar wata bishiya, ƙanina na gadin takalma saboda birai, sannan shima yayi tasa.

Bayan sallama na zauna ina tuna Falgore. Mu 'yan wajen Tudun Wada ne, dajin a bayan gida yake, ya ninka wannan sau fiye da dubu, muna yara mu shiga ɗebo itace da tsinkar ɗinya da kanya ba mai tambayarka sisi. Daga baya ya zama wajen da in motar Jos zata ratsa kowa sai yayi shiru yana addu'a, shekarun satar shanu da tare hanya. Rabona da shiga cikinsa da ƙafa na manta. Yau gani a Legas na biya kuɗi an ba ni tikiti don in yi tafiyar awa biyu a daji ba tare da ina waiwaye ba. Na faɗa wa Kawu haka, bai ce komai ba, ya ciro goro daga aljihun gaba, wanda biri bai gano ba, ya ɓara uku ya miƙa mana.

Mun fito wajen uku. Kawu ya ƙi mu raka shi, yace tsallaka titi ne kawai, amma sai da ya karɓi tikitinsa ya ninke ya sa cikin hula, wai zai nuna wa ɗan Nijar ɗin da suke canjin aiki. Mu kuwa go-slon Lekki ya riƙe mu sai bayan isha muka ga Ketu, kaina na sarawa, janareton maƙwabci na nan inda na bar shi.

Da dare na kira Inna ina ba ta labari, na ce mata har Kawu ya hau. Ta ce nawa kuka biya? Na rage rabi na faɗa mata. Ta yi salati ta ce biri dai biri, wanda muke kora da gwangwani? Nace eh Inna amma wannan fari ne a ƙirji. Ta ce to in ka zo da kaka ka taho da kuɗin, akwai su cike a gonar babanku, ni zan tsaya a bakin hanya in karɓa. Ina jin ƙanina a gefe yana ƙunshe dariya, na leƙa wayarsa, ashe tun a mota ya sa bidiyon.